Makuba Ba Ta Kashe Gara

Jawabin 'yan ajin yaƙi da jahilci a taron cikar ƙungiyarmu shekara goma, kan gyambon ciki da maganin itatuwa



Uwar ƙungiya, Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, malamarmu ta aji, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana, Ya ƙara haɗa kanmu.

Bana Shugaba ta ce 'yan aji su ma su kawo abin da suka karanto, kada kullum a ce sai dai mu zo mu ci shinkafa mu tafa wa wasu. Da muka yi shawara, sai bakinmu ya zo ɗaya a kan gyambon ciki, wanda a kasuwa muke ce wa olsa. Dalili kuwa kowa ta san shi. Babu layin da za ki bi a kasuwarmu ba ki tarar da mai dafe da ƙirji ba. Wata tana jiƙa kanwa, wata tana aiken yaro ya sayo madara, wata kuma ta ɓoye gorar jiƙo a ƙarƙashin tebur. Ma'aji shaida ce, sau da yawa in mace ta makara wajen zubi, ciwon cikin nan ne ya cinye kuɗin. Ga shi kuma cikinmu akwai masu sayar da kayan ƙamshi da sassaƙe da saiwoyi, kullum ana tambayarsu, "Hajiya, me ke maganin olsa?" Amsar da za su bayar amana ce.

Wata uku muka yi muna bin wannan magana. Malama tana karanto mana, 'yar wata 'yar uwarmu da ke aikin jinya tana warware mana abin da ya shige duhu, mu kuma muna rubutawa da hannunmu. Abin da muka samo shi ne za mu ajiye a gabanku yau, daidai gwargwado.

Bari mu fara da yadda cikin yake. Tumbin mutum yana fitar da ruwan narka abinci wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu kowace rana. A cikin ruwan nan akwai asid mai ƙarfin gaske, wanda ke narka nama. To, ai shi ma tumbin nama ne, me ya hana ya narke? Abin da ya hana shi ne, Allah Ya shafe bangonsa da wani yauƙi mai kauri, kuma a cikin yauƙin akwai sinadarin da ke kashe kaifin asid kafin ya taɓa nama.

Iyayenmu da suka tashi a gidan ƙasa za su fi mu gane wannan. Kafin damina akan yi wa katanga yaɓe, a shafe ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya zaizaye ta. Bangon tumbi shi ne katangar, asid shi ne ruwan sama, yauƙin nan kuwa shi ne makuba. Ranar da makuba ta ɓare a wani wuri, nan ruwa zai fara ci. Wannan wurin da ya ciwu a tumbi, ko a bakin ƙaramin hanji da ke biye da shi, shi ne gyambon.

Sai tambaya ta biyu, me ke ɓare makubar? Mu dai mun tashi muna jin ana cewa yunwa ce, ko yaji, ko yawan tunani. Likitocin duniya ma sun daɗe a kan irin wannan fahimta. Sai a 1982, a garin Perth na ƙasar Ostareliya, wasu likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa akwai wata ƙwayar cuta mai siffar murɗaɗɗen zare da ke zaune cikin yauƙin tumbi. Sunanta Helikobakta failori. Abokan aikinsu suka ƙi yarda, wai babu abin da zai rayu cikin asid. Da abin ya ishi Marshall, a 1984 ya ɗauki ƙwayar da aka raina a ɗakin gwaji ya shanye. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa cikinsa aka ga tumbin ya yi ja ya kumbura. Gani ya kori ji. A 2005 aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel.

Dabarar ƙwayar nan ita ce, tana fitar da wani sinadari da ke kashe asid ɗin da ke kewaye da ita, ta kutsa cikin yauƙi ta yi gida, tana raunana bangon a hankali. Wato ita ce garar da ke cikin katanga. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, galibi tun suna yara suka ɗauka a gida, ta hanyar ruwan sha marar tsabta, ko yawu, ko hannun da ba a wanke ba bayan an fito daga bayi. Yawancin masu ɗauke da ita har su tsufa ba ta yi musu komai, amma ɗaya ko biyu cikin goma sukan samu gyambo. Kuma tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin tumbi. Kun ga ke nan ba abin wasa ba ce.

Abu na biyu mai ɓare makuba yana cikin jakunkunanmu yanzu haka. Magungunan ciwon jiki ne: asfirin, ibuprofen, diclofenac, piroxicam. Mu 'yan kasuwa tun asuba muna tsaye, ga ɗaukar kaya, ga zaman benci, yamma ta yi baya ya riƙe, gwiwa ta ɗauka. Sai a biya kemis a ce a ba mu "haɗin gajiya", a ƙulla mana ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna babu takarda. Sau da yawa biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne. Hodar ciwon kai da ake sayarwa a 'yar takarda ma, wadda muke kaɗawa a ruwa, mu duba jikinta, da yawa asfirin ne a ciki. Waɗannan magunguna suna kashe zafi da gaske, amma hanyar da suke bi su kashe shi ita ce kuma take hana tumbi yin yauƙinsa. A sha su kullum, a cikin da babu komai, ai an kankare katanga ana tsakiyar damina.

Yunwa da yaji fa? Su ba sa haƙa ramin, amma in ramin yana nan sukan tayar da shi. Shi ya sa mai gyambon bakin hanji take jin ciwon in ciki ya zama wayam, ko da tsakar dare, in ta ci abinci ya lafa. Taba sigari tana hana gyambo warkewa, wannan saƙo ne ga iyayen gida. Goro da kofi suna ƙara asid. Madara takan sanyaya na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Kanwa kuwa tana kashe kaifin asid nan take, amma ba ta taɓa gyambon, ga ta da gishiri mai yawa, wanda bai dace da mai hawan jini ba.

Yanzu mu zo kan itatuwa, wanda shi ne gundarin maganarmu. Shin akwai sinadaran tsirrai da ke kare tumbi? Akwai, kuma masana sun daɗe suna bincike a kansu. Za mu kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da iyakar abin da aka gani.

Na farko wata saiwa ce mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙisus, a Masar har abin sha ake yi da ita lokacin azumi, kuma akan same ta a shagunan maganin Musulunci. A 1946 wani likita a ƙasar Holan mai suna Revers ya lura masu gyambo suna samun sauƙi in sun sha haɗin wannan saiwa. Daga baya a Ingila aka tace sinadarinta aka yi ƙwayar magani mai suna carbenoxolone, aka gwada ta a kan marasa lafiya a Landan a 1962, aka ga tana hanzarta warkewar gyambon tumbi. Aikinta shi ne ta sa tumbi ya ƙara yauƙi, wato ta ƙara kaurin makuba. Wannan magani na gaske ne, daga saiwa ya fito, likitoci sun rubuta shi shekaru da dama. To me ya sa aka daina? Saboda yana tara ruwa da gishiri a jiki, ƙafa ta kumbura, jini ya hau, wani sinadari da zuciya ke buƙata mai suna fotasiyam ya ragu. Tun Revers ma ya ga kumburin a jikin wasu daga cikin mutanensa. Da aka samu cimetidine a 1976, daga baya kuma omeprazole a ƙarshen shekarun 1980, sai aka ajiye shi. Ita kanta saiwar tana da wannan hali in an yawaita. Don haka mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai juna biyu, su yi nesa da ita.

Na biyu kabeji. A 1949 wani likita a Jami'ar Stanford ta Amurka, Garnett Cheney, ya ba masu gyambo 13 ruwan ɗanyen kabeji wajen lita guda kowace rana. Ya ba da rahoton cewa gyambon ya rufe cikin kamar kwana 7 zuwa 10. Labarin ya yi daɗi, shi ya sa har yau ake ta yaɗa shi a WhatsApp. Sai dai mutum 13 ba su da yawa, kuma a lokacin saura fiye da shekara talatin a gano ƙwayar cutar. Gyambo yakan rufe ya sake buɗewa muddin tana nan. Kabeji abinci ne mai kyau, mu ci a kwaɗo da dafa-duka, in ɗanye ne mu wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

Na uku ɗanyar agada. A 1984 masu bincike a Ingila sun ba ɓeraye garin busasshiyar ɗanyar agada, sannan suka ba su asfirin. Suka ga garin ya kare tumbin ɓerayen, nunanniya kuwa ba ta yi wannan aiki ba. Daga baya aka ware wani sinadari a cikinta mai suna leucocyanidin, wanda ake ganin yana da hannu a wannan kariya. Ku riƙe kalmar nan, ɓeraye, za mu dawo kanta.

Na huɗu kuɓewarmu ta miya. A 2004 masana a Jami'ar Münster ta Jamus sun gwada ruwan ɗanyar kuɓewa a ɗakin gwaji, suka ga yana hana ƙwayar Helikobakta mannewa a jikin naman tumbi. A kan ɗan yankin nama aka yi wannan gwaji, a bisa tebur. Duk da haka mun ji daɗin labarin, domin miyar kuɓewa da kuka da karkashi da lalo, in ba a cika musu yaji da kanwa ba, abinci ne mai laushi da mai ciwon ciki ke iya ci ya zauna lafiya.

Na biyar sabara, wadda ke cike da dajinmu. A 2005 masu bincike a cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, wato NIPRD, sun wallafa cewa ruwan saiwar sabara ya rage gyambo da gudawa a jikin ɓeraye. Wannan ya nuna iyayenmu da ke jiƙa sabara don ciwon ciki sun lura da wani abu na gaske. Haka bagaruwa. Abin da ke sa ta ɗaure baki shi ne sinadarin tanin, shi ne kuma majema ke amfani da shi wajen jimar fata. Yana kama saman nama ya ƙanƙame shi. Amma tanin in ya yi yawa yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, mu mata kuwa da haila da haihuwa da shayarwa, ƙarancin jini ba baƙonmu ba ne.

Na shida tafarnuwa. A cikin kwanon gwaji tana kashe ƙwayar cutar sarai. Da aka ba mutane masu ɗauke da ƙwayar suka ci da abinci a birnin Houston na Amurka, aka wallafa sakamakon a 1999, ba a ga ta rage ta ba. Wannan shi ne babban darasin da muka ɗauka a aji. Kwanon gwaji daban, cikin ɓera daban, cikin ɗan Adam daban. Ɓera ba ya tauna goro, ba ya shan haɗin gajiya, ba ya yini a rana yana ciniki, kuma gyambonsa da gangan aka yi masa shi cikin 'yan sa'o'i, ba na shekara da shekaru ba ne irin namu. Duk wanda ya ce miki "bincike ya tabbatar", ki tambaye shi, a kan wa aka yi binciken, kuma mutum nawa? Matambayi ba ya ɓata.

Na bakwai habbatus sauda, wadda kusan kowane gida akwai ta. Ita kam an gwada ta a kan mutane. A 2010 a ƙasar Saudiyya an wallafa gwajin da aka yi wa mutum 88 masu ɗauke da ƙwayar. Waɗanda aka ba giram 2 na garinta kullum, haɗe da omeprazole, wajen biyu cikin uku sun rabu da ƙwayar. Waɗanda aka ba cikakken maganin asibiti kuwa, sama da 80 cikin 100 ne suka rabu da ita. Wani abin lura, waɗanda aka ba giram 3 ba su kai masu giram 2 samun nasara ba, wato yawan sha ba shi ne yawan amfani ba. Ku lura kuma, ko a nan ba ita kaɗai aka bayar ba, da maganin rage asid aka haɗa.

Na ƙarshe kurkum, wanda wasu ke ce wa gangamau. A 2023 an wallafa wani gwaji daga ƙasar Tailan a kan mutum 206 masu fama da ɓacin ciki da kumburi. Sinadarin kurkum ya ba su sauƙi kusan daidai da omeprazole bayan kwana 28. Amma waɗannan mutane an tantance su, ba masu gyambo ba ne. Wannan ya tuna mana cewa ba duk zafin ƙirji da ƙwannafi da gyatsa ne olsa ba. Da yawanmu mun raɗa wa kanmu sunan olsa shekara goma, babu wanda ya taɓa auna mu.

Kafin mu bar itatuwa, ga wani abin mamaki. Shi kansa asfirin da ke kankare tumbi, asalinsa daga itace ne. Tun zamanin da, mutane ke jiƙa ɓawon wata bishiya mai suna wilo, wadda ke fitowa a bakin rafi a ƙasashen sanyi, don zazzaɓi da ciwon jiki. Daga sinadarin ɓawon nan masana suka bi sawu har aka haɗa asfirin a kamfanin Bayer na Jamus a 1897. Kun ga daji ɗaya ne ya ba da mai shafe katanga, ya kuma ba da mai kankare ta. Saboda haka maganar da muke yawan ji, "ai na gargajiya ne, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba", ba ta da tushe. Tunya ma ai tsiro ce, amma wa zai sa ta a ido?

In muka tattara, ga inda muka tsaya. Tsirrai suna da sinadaran da ke ƙara wa tumbi yauƙi, su sanyaya shi, su rage raɗaɗi. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu raina ilimin iyayenmu ba. Amma duk aikin makuba ne. Katangar da gara ta shiga, ko sau goma aka shafe ta, tana nan tana ci daga ciki, wata rana sai dai a ji rugum. Cikin duk waɗanda muka lissafa, babu wanda aka tabbatar shi kaɗai yana fitar da ƙwayar Helikobakta daga cikin mutum yadda maganin asibiti ke yi.

Yadda ake fitar da ita ba boyayye ba ne. Da farko a yi gwaji, na bayan gida ko na numfashi, su ne ke nuna ko ƙwayar tana nan yanzu. Na jini yakan nuna alama ko da ta daɗe da fita. Ki gaya wa ma'aikacin lafiya in kina shan omeprazole ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin sukan ɓoye ta a gwaji. In an same ta, akan haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu da maganin rage asid, a sha yawanci kwana 14 cur. Likita ne zai zaɓi haɗin, mai juna biyu ko mai shayarwa kuma ta faɗa tun kafin a rubuta. Inda ake samun matsala shi ne, kwana huɗu ciwo ya lafa, sai a ajiye sauran "don wata rana", ko a ba maƙwabciya. Yin haka yana kashe raunanan ƙwayoyin ne ya bar masu taurin kai, gobe maganin ya daina jin su. Bayan an gama da aƙalla mako huɗu, a koma a sake gwaji a tabbatar ta fita.

Mun san abin da ke ran kowa, kuɗi. To mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce mace tana sayen gorar jiƙo ta naira 1,500 duk mako. Shekara mako 52 ce, ya kama naira 78,000, ban da madara, ban da ranakun da rumfa ta kwana a rufe. Shekara ta zagayo ciwo yana nan. Kowace ta je ta tambayi kuɗin gwaji da maganin kwana 14 a asibitin da ke kusa da ita, ta ajiye su gefe da gefe da wancan. Araha ba ta ado.

Akwai kuma alamomin da in an gan su, babu jiƙo, babu jiran gari ya waye, babu jiran maigida ya dawo daga tafiya. Mazajenmu da 'ya'yanmu, ku ma ku riƙe su. In bayan gida ya zama baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari. In an yi aman jini, ko amai mai baƙi-baƙi kamar dusar kofi. In ciwo mai tsanani ya sauko farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako, wannan alama ce tumbi ya huje. In jiri yana ɗiba, ido da tafin hannu sun yi fari fat. In mutum yana ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ko yana amai ba ƙaƙƙautawa, musamman wanda ya manyanta. Duk waɗannan na asibiti ne, a ranar, a sa'ar. Haka nan zafin ƙirji da ke zuwa da gumi da sarƙewar numfashi, yana bi ta hannu ko muƙamuƙi, kada a ce olsa ce ta tashi, zuciya ma takan yi haka.

Yanzu ga roƙon da 'yan aji suka aiko mu da shi gaban shugabanni da dukkan 'yan uwa. Guda biyar ne.

Na ɗaya, a ware wani kaso a asusun ƙungiya don rancen lafiya marar ruwa, wanda 'yar ƙungiya za ta karɓa ta yi gwaji, ta sayi maganin kwana 14 gaba ɗaya a rana ɗaya. Sayen na kwana uku-uku shi ke sa a yanke a hanya.

Na biyu, 'yan uwanmu masu sayar da kayan ƙamshi da sassaƙe, mu yi wa juna alkawari. Mu sayar da kurkum a matsayin kurkum, habbatus sauda a matsayin habbatus sauda. In an tambaye mu, mu ce yana iya sanyaya ciki, amma a je a auna. Kalmar "yana warkar da olsa har abada" kada ta fito daga bakin 'yar wannan ƙungiya. Mu kuma tambayi mai saye ko tana da hawan jini ko juna biyu kafin mu auna mata saiwa. Wataƙila mu rasa cinikin rana ɗaya, amma ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kuma mai saye ba ta manta wadda ta faɗa mata gaskiya.

Na uku, mu daina karɓar ƙwayoyi tsirara a leda. Duk maganin da za mu sha mu ga sunansa a jikin kwali ko sacet. In ciwon jiki ne, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, shi ma da iyaka, babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, yawansa yana lalata hanta. Wadda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya, kada ta daina da kanta, ta koma ta gaya masa cikinta yana ciwo.

Na huɗu, mu tsara tsaron rumfa tsakanin maƙwabta, kowace ta samu minti ashirin ta zauna ta ci abincin rana a natse, ta wanke hannu da sabulu. Kuɗin da muke ƙirgawa ya bi hannu dubu kafin ya zo namu. Masu ciwon ciki kuma su je a duba su tun kafin watan azumi ya kama, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, a ƙara darasin karanta takardar magani a ajinmu, kuma waɗanda ba su shigo ba su shigo. Wadda ta iya karatu za ta duba ranar lalacewa. Za ta duba lambar NAFDAC. Za ta kuma san cewa yawancin magungunan gargajiya na kwalba, lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana hukumar ta duba cewa ba su da illa a fili, amma ba ta tabbatar suna warkar da abin da aka lissafa ba, kuma akan rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a jikin kwalbar. Mai lasifika a bakin tasha ba zai karanta miki wannan layin ba, ke za ki karanta wa kanki. Cikinmu akwai waɗanda suka fara riƙe fensir bayan sun aurar da 'ya, babu wadda ta makara.

Iyayenmu da 'yan uwa, shekara goma muna tara sisi da kwabo har muka kai inda muke. Jarin ba ya juya kansa, sai mai shi tana tsaye da ƙafafunta. Mu ci kuɓewarmu da kabejinmu da zogalenmu, mu sa kurkum a girki, mu girmama abin da daji ya ba mu, mu kuma san iyakarsa. Wadda ciwo ya daɗe yana damunta, ta je a auna ta a wannan watan, kada ta bari sai baɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Muna godiya ga malamarmu da ta yi haƙuri da mu, da 'yarmu ma'aikaciyar jinya da ta ba mu lokacinta ba ta karɓi ko kwabo ba, da shugabanni da suka ba mu wannan dama. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah Ya ba su sauƙi. Waɗanda muka fara tafiyar nan tare suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Allah Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya kai kowa gida lafiya.